Shin Da Gaske Turawa Na Gasar Kamun Kifi Su Mayar Da Shi Ruwa?

Wani mai sauraronmu daga Argungu ne ya aiko da wannan tambaya. To Malam, gaskiya ne, a Ingila haka ake yi, har da lokacin sanyin hunturu, a 'yan ƙananan tafkunan da ake kiwon kifi don 'yan fatsa.

Da safe ake jefa ƙuri'a, kowa ya san gurbin da zai zauna a bakin ruwa, ba canji. Galibi awa 5 ake yi. A Argungu kifi guda mafi girma ke cin gasa, a can kuwa nauyin duk abin da mutum ya kama ake haɗawa. Kifin na nan da ransa cikin doguwar raga a ruwa, sai an tashi a ɗora a sikeli, a sake shi.

Wahalar tana ga sanyin. Jikin kifi ya mutu, ba ya son ci. Gwani kan jefa tsutsa 'yan ƙwaya kaɗan ko ɗan gutsuren burodi, don in ya zuba da yawa kifi ya ƙoshi, shi ke nan ya wuni riƙe da sanda yatsu sun ƙage.

Kuma sai da lasisi, ga duk wanda ya kai shekara 13.