Darasin Kasuwanci: Zaɓen Nau'in Hoto Domin Rage Nauyin Shafin Intanet

Ɗan kasuwar da ke baje kolin hajarsa a shafin intanet yana iya rasa mai saye tun kafin a fara ciniki, muddin hotunan shafin sun yi nauyi. Mai saye ne ke biyan kuɗin data, kuma idan shafi ya yi jinkirin buɗewa, sai ya nufi wani wurin.

Hanyar matse hoto iri biyu ce. Ta farko tana zubar da wasu bayanan da ido bai cika lura da su ba. Ta biyu kuwa tana matsewa ba tare da an rasa komai ba.

JPEG, wanda aka fitar a shekarar 1992, yana cikin rukunin farko. Shi ya fi dacewa da hoton kaya kamar atamfa ko takalmi. Sai dai duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa, ingancinsa yana raguwa, don haka a riƙa ajiye na asali daban.

PNG na shekarar 1996 yana rukuni na biyu. Ya dace da tambarin kamfani da jadawalin farashi, domin rubutu yana fita tas, amma yana da nauyi ga hoton kyamara. GIF na shekarar 1987 launi 256 kacal yake ɗauka.

A shekarar 2010 kamfanin Google ya ƙaddamar da WebP, wanda ke bin hanyoyin biyu. Kamfanin ya bayyana cewa nauyinsa bai kai na JPEG ba da kashi 25 zuwa 34 cikin 100, alhali ingancinsu ya yi daidai. AVIF na shekarar 2019 sau da yawa yakan fi shi matsewa.

Kafin zaɓen nau'i, a fara rage girman hoton. Wayar hannu takan ɗauki hoto mai faɗin ɗigo 4,000, alhali 1,200 ya wadatar a shafi. Alal misali, hotuna 20 masu megabayit 3 kowanne sun kama megabayit 60; in an mayar da kowanne kilobayit 150, jimillarsu megabayit 3 ce.

Daga nan a saita ma'aunin inganci kusan 80 cikin 100, sannan a duba hoton a waya. Idan zaren atamfar da launinta sun fita sosai, sai a ɗora shi.