Yadda Kunne Ke Jin Sauti, Da Amfaninsa Ga Likitoci

Sauti motsin iska ne. In an bugi tambari, fatarsa takan yi rawa ta kaɗa iska, iskar kuwa ta bugi dodon kunne. Sa'an nan ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa motsin can ciki, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa.

Kunnen mutum ba ya jin abin da ya zarce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Da irin wannan sauti da ba a ji likitoci ke duba jariri a cikin uwarsa. A 1980 kuma, a birnin Munik na Jamus, aka fara farfasa tsakuwar ƙoda da bugun sauti mai ƙarfi, ba tare da an tsaga mutum ba. Lalle hakimai su sanar da talakawansu wannan, gama tsoron wuƙa yakan hana majiyyaci zuwa asibiti.