Yadda Dibaga Ke Gane Gurbin Kowane Kira

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta manhaja a ɗakin kwamfuta ya san ranar da abin yakan ƙi. Ka duba, ka sake dubawa, amma amsa ta fito a karkace. A irin wannan rana ce ake neman dibaga, wato manhajar da ke tsayar da wata manhaja tana cikin gudu, ta bar ka ka leƙa cikinta. Za mu yi misali da GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, ake kuma aiki da ita har yau. Tambayarmu ita ce, in ta tsayar da manhaja, yaya take sanin inda aka tsaya, da hanyar da aka bi aka zo wurin?

Manhaja sassa-sassa ce, sashe kuma yakan kira sashe. Duk lokacin da aka yi kira, kwamfuta takan ware wa kiran ɗan wuri a ma'adanarta, inda za a ajiye lambobin da yake aiki da su, da adireshin da za a koma in ya gama. Wannan wuri shi za mu kira gurbi. Guraben nan a jere suke kamar kwanonin amarya, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Duka jeren kuwa sunansa tari. Abin mamaki, a injinan Intel da AMD tarin ƙasa yake yi, wato sabon gurbi adireshinsa bai kai na wanda ya riga shi ba. In ka buga umarnin bt, GDB za ta jero maka su, gurbin da ake ciki lamba 0, wanda ya kira shi lamba 1, har zuwa tushe.

To, me zai hana ta gane gurbi da sunan sashensa kawai? Mu ɗauki sashe mai suna ninka, wanda ke lissafa 4 × 3 × 2 × 1 ta hanyar kiran kansa. Ninka na 4 ya kira ninka na 3, shi kuma ya kira na 2, na 2 ya kira na 1. Ga gurabe huɗu, suna ɗaya. Kamar aji ne mai Audu huɗu, dole malam ya haɗa suna da kujerar da kowa yake zaune. Layin da ake kai ma ba zai yi ba, don yana canzawa da kowane taku. Haka nan ma'aunin bakin tari, yana hawa yana sauka a cikin kira guda.

Saboda haka GDB takan riƙe abu biyu waɗanda ba sa motsi muddin kiran yana raye. Na farko adireshin da sashen ya fara, shi ne sunan. Na biyu inda bakin tari yake daf da a yi kiran, shi ne kujerar. A tsarin DWARF, wanda da shi ake rubuta wa dibaga bayanin manhaja, ana kiran wannan adireshi CFA. A injin Intel mai bit 64, adireshin komawa yana nan ƙarƙashinsa, cikin bayit 8.

Ga amfanin abin. A ce kowane gurbi bayit 32 ne, na ninka 4 yana 1000. Na 3 zai zama 968, na 2 936, na 1 kuma 904. Kana cikin ninka na 4, ka buga next, wato a tsallake kiran a tsaya a layi na gaba. GDB takan ɗana tarko a adireshin komawa, ta saki manhaja. Amma ai duk kiraye-kirayen nan wuri ɗaya suke komawa! Wanda zai fara faɗawa tarkon shi ne ninka na 2, bayan na 1 ya gama. Sai ta duba, ta ga 936, ba shi ba ne, ta sake shi. Na gaba 968, ta sake shi. Sai ta ga 1000 sannan ta tsaya. Ba don haka ba, da ka ga 2 a inda kake sa ran 4, ka wuni kana neman kuskuren da babu shi.

Saura yadda take samo kujerar. Tsohuwar hanya mai sauƙi ce: a keɓe rajista ɗaya a cikin furosesa, wadda ake kira rbp, tana nuna gurbin yanzu, kowane gurbi kuma yana ajiye adireshin na bayansa, sai a bi su kamar sarƙa. Amma kampaila, wato mai juya rubutunka zuwa harshen inji, in aka ce ya ƙara sauri yakan ƙwace rajistar ya sa ta wani aiki. Sarƙa ta tsinke ke nan. A nan dibaga takan koma ga jadawalin DWARF, wanda ke faɗin inda CFA yake a kowane taku. Fedora a 2023 da Ubuntu a 2024 sun maido da sarƙar a manhajojinsu, don masu auna gudun manhaja su huta. A ganina sun yi daidai.

Akwai ranar da tarin kansa ke lalacewa. Ka tura haruffa 40 a wurin da ka tanadar wa 10, rarar ta malala ta shafe adireshin komawa. A nan bt sai ta nuna maka alamun tambaya a maimakon suna. In kuwa GDB ta tarar da gurbi biyu a jere masu shaida iri ɗaya, takan daina bi, ta ce wataƙila tari ya lalace, don in ta ci gaba zagaye za ta yi ta yi ba iyaka.

Ku gwada a ɗakin kwamfuta. Ku rubuta ninka da harshen C, ku haɗa shi da gcc -g -O0, ku tsaya a ninka na 1, ku buga info frame a kowane gurbi, ku rubuta adireshin da kuka gani. Sannan ku sake haɗawa da -O2, ku ƙirga gurabe nawa suka rage.