Darasin Mako: Attajiri, Hukuma da Filin Jama'a

'Yan uwa ɗalibai, wa ke yanke shawarar inda za a gina shago da inda za a bar filin wasa? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar filaye a wuyan gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon raba filayen karkara. Sai dai mai kuɗi kan riga talaka isa ofis.

Kuɗin attajiri na iya zama alheri. A nan Wudil, jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001 ta amfana da gudummawar Aliko Dangote, har aka sa mata sunansa a 2022.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. A birnin Kano an ba 'yan kasuwa filaye a Filin Idi da tsohon Otal ɗin Daula, suka yi gine-gine. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su, tana cewa dukiyar al'umma ce. Daga baya babbar kotun tarayya ta umarci a biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. 'Yan kasuwa sun yi asara, kuma daga baitulmalin jama'a diyyar za ta fito.

Don haka idan muka ga ana aza harsashi a gefen makaranta, kasuwar kara ko bakin kogi, mu tambaya: filin wa ne, wa ya ba da izini, an ji ra'ayin unguwa? Kansilanmu ya kamata ya iya ba mu amsa.