Nawa Ne, Ko Na Nawa Ne?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wasu tambayoyi biyu masu rikita ƙannenmu na firamare a darasin lissafi, alhali kuwa gaɓa ɗaya tak ta raba su. Su ne "nawa?" da "na nawa?" Ta farko yawan abu take nema, ta biyu kuwa matsayinsa cikin jeri. Awaki uku daban, akuya ta uku daban. Wancan garke ne ƙarami, wannan kuwa akuya ɗaya ce tilo, amma biyu na gabanta.

In ina koya wa ƙannena, da sunayen gida nake farawa. Sani, Salisu, Rabi'u da Hamisu daga Larabci suka zo, ma'anarsu na biyu, na uku, na huɗu da na biyar. Haka kuma Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis, daga ƙirgar ɗaya zuwa biyar aka samo su. Ashe ke nan yaro ya daɗe yana faɗin darasin da bakinsa bai sani ba.

Sai dai a kullum a lura da abin da ake jerawa. Alal misali, Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, na uku ne cikin masu suna Abubakar, amma cikin jerin Sarakunan Musulmi shi ne na 17.

To, bari mu shiga kasuwarmu ta Illela, wadda ke ci ran Lahadi. A ce kasuwar farko ta faɗo ran 3 ga wata. Sauran za su ci 10, 17, 24 da 31, wato kowane mako ana ƙara bakwai. Yanzu ga mai saye ya ɗauki rago bashi ran kasuwar farko, ya ce zai biya a ta biyar. Yaro mai garaje sai ya ce bakwai sau biyar 35, a ƙara uku 38. Ina aka taɓa ganin wata mai kwana 38? Abin da ya manta shi ne, daga ta farko zuwa ta biyar taki huɗu ne, kamar yadda yatsu biyar ke da tsakani huɗu. Bakwai sau huɗu 28, a ƙara uku, 31. Mako guda ke nan ya so ya ƙara wa mai rago na jira.

Tsallaken iyaka kuwa, a Birnin Konni, da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5. Jerin shi ne 5, 10, 15, 20. Nan ma a gwada dokar: lamba ta ashirin taki 19 ne daga ta farko. Biyar sau 19 ya ba da 95, a ƙara biyar, 100. Daidai kuwa, dala ashirin sefa ɗari ce.

Saboda haka ina roƙon iyaye da yayye, kada a bar wa malami aikin shi kaɗai. A riƙa tambayar yaro a gida: daga ina jerin ya fara, nawa ake ƙarawa, taki nawa aka yi? Wanda ya iya amsa ukun nan, da wuya a ruɗe shi a jarrabawa ko a kasuwa.