Harshen Inshora: Kalmomin da Ke Raba Direba da Haƙƙinsa Bayan Haɗari

Gabatarwa

Duk wanda ya san titin Ikorodu ta wajen Ilupeju, ko hanyar da ta taso daga Agege ta ratsa Oshodi zuwa Mushin, ya san ba a raba su da karon motoci. Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna bin waɗannan hanyoyi dare da rana, kuma da yawansu suna da takardar inshora a aljihun mota, amma idan tsautsayi ya auku sai su tashi a tutar babu. A wannan maƙala zan nuna cewa babban sashen matsalar na harshe ne: takardun da Turancin lauyoyi aka rubuta su, direba kuwa da Hausa yake tunani. Na zaɓi wurare huɗu da ma'ana take zamewa.

Ɓangare na uku

Wannan ita ce inshorar da direbobi ke kira "tad fati", wadda doka ta wajabta tun dokar 1945. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu kamfani, na uku kuwa wanda aka buge ko aka lalata wa dukiya. Ke nan ba motarka take gyarawa ba, ta wanda ka buga take gyarawa. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Don haka idan wani ya bugi motarka a Ilupeju, takardarsa za ka nema ka ɗauki lambarta, domin kamfaninsa ne zai biya. A duba kuma ko tana cikin rumbun bayanai na NIID, saboda takardar bogi ba ta biyan ko kwabo.

Diyya

Kalmar aro ce daga Larabci, kuma a kunnen Bahaushe tana nufin fansar rai ko rauni, wadda shari'a ta yanke adadinta. Abin da kamfani ke nufi daban ne: mayar da mutum inda yake kafin haɗari, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa na fi son a fassara ta da "mayar da gurbi". Daga nan ne ragi iri uku ke fitowa ga mai cikakkiyar inshora. Akwai kason mai mota, wato adadin da aka rubuta shi zai ɗauka a kowace asara. Akwai ragin tsufa, idan an sa sabon abu a gurbin tsoho. Sannan akwai ragin ƙaramar ƙima: misali, motar da ta kai miliyan 6 aka rubuta ta miliyan 3 don a rage kuɗin shekara, idan gyara ya ci miliyan 1, kuma takardar tana da wannan sharaɗi, rabi za a biya. Araha ba ta ado.

"Yi haƙuri"

Nan ne ɗalibin fassara ya kamata ya buɗe kunne. Bahaushe yakan ce "yi haƙuri" ko "sannu" ko da shi aka zalunta, domin jaje ne da neman sanyaya zuciya. Idan tafinta ya juya wannan zuwa Turanci a ofishin 'yan sanda ba tare da lura ba, sai ya fito tamkar amsa laifi, alhali takardun inshora sukan hana mai mota amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da yardar kamfani ba. Haka "mota ta ƙwace mini": mai magana yana nufin ƙaddara, mai karatu yana iya ganin ganganci ko rashin lafiyar mota. Shawarata ita ce a faɗi abin da ido ya gani kawai: wuri, lokaci, hannun da kowa yake, da inda aka bugu. A ɗauki hoto kafin a janye motoci, a karɓi rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani a rubuce cikin kwanakin da takarda ta ƙayyade. Kada bakanike ya taɓa motar sai mai kimanta asara ya gan ta.

Takardar sallama

A Hausa sallama ban kwana ce cikin mutunci. A inshora kuwa, sa hannu a wannan takarda yana nufin "na karɓi wannan a matsayin cikakken haƙƙina, ba ni da sauran magana". Magana zarar bunu ce, balle wadda aka sa wa hannu. Tayin farko ba wahayi ba ne. Wanda bai gamsu ba ya nemi a ba shi lissafin dalla-dalla, ya kawo kimantawar makanikai biyu da farashin kayan gyara daga kasuwa irin ta Ladipo da ke Mushin, ya mayar da amsa a rubuce. Idan kamfani ya ƙi ko ya yi ta jan ƙafa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana da sashen karɓar ƙorafi, bayan shi kuma akwai kotu.

Kammalawa

A shekarar 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, kuma kamfanonin takaful suna aiki tun bayan ƙa'idojin 2013 ga mai ƙyamar riba. Sai dai doka ba ta amfanar wanda bai fahimci kalmominta ba. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri da su shiga tashoshin mota, su tattara kalmomin da direbobi suka riga suka ƙirƙira, su gwada su da na takarda, su fitar da ɗan ƙamus. Direban da ya san bambancin sallamar zaure da sallamar kamfani ba zai sa hannu da garaje ba.