LAFIYAR HAƘORAN YARA TANA HANNUN IYAYE

A unguwar Ɗan Iya cikin birnin Bauchi, kamar a sauran garuruwan ƙasar nan, ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗan shekara huɗu haƙoransa na gaba sun yi baƙi sun guntule. Idan aka yi wa iyaye magana, sai su ce ai haƙoran nono ne, za su zube wasu su fito. Wannan zato kuskure ne babba, kuma ya jawo wa yara da yawa wahala. Ƙaramin yaro bai san abin da zai amfane shi ba. Abin da uwa ta sa masa a baki shi yake ci, abin da ya ga uba yana yi shi yake kwaikwaya. Saboda haka lafiyar bakinsa ta dogara ga sanin iyayensa da kuma halinsu.

AMFANIN HAƘORAN NONO

Haƙoran nono guda 20 ne, goma a sama goma a ƙasa. Na farko yakan tsiro wajen wata 6 da haihuwa, kuma sukan cika kafin yaro ya gama shekara 3. Da su yake tauna abinci, da su yake koyon magana, kuma su ne ke riƙe wa haƙoran girma gurbi. Idan ɗaya ya ruɓe aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sukan matso, sai haƙorin girma ya rasa wuri ya fito a karkace.

Wajen shekara 6 ake fara famfara. A daidai lokacin nan ne kuma turmin farko na girma yake fitowa can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa sukan ɗauka shi ma na nono ne, su ƙyale shi ya lalace. Alhali kuwa in ya tafi ba shi da madadi har abada.

YADDA HAƘORI KE RUƁEWA

Mutane kan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. Akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙora kullum, cike da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Idan yaro ya sha zaƙi, ƙwayoyin nan su ma sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙori. Da fari akan ga farin tabo kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi. Daga nan sai ya yi ja-ja, sa'an nan ya zama kogo. In kogon ya kai ga jijiya, sai zogi da kumburi da ruɓa su biyo baya, yaro ya kasa ci ya kasa barci.

Yawu yana gyara ɓarnar nan in ya sami sarari. Amma yaron da ke tsotsar alewa da safe, biskit da hantsi, lemon kwalba da rana, cingam da yamma, bakinsa ba ya hutawa. Watau yawan maimaita zaƙi ya fi shansa sau ɗaya tare da abinci illa. Da dare kuma yawu yakan ragu, shi ya sa kwantar da yaro da bulunboti mai shayi ko madara mai sukari a baki ke cinye haƙoran gaba da sauri.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono. Tun 2015 hukumar ta ba da shawara kada sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana.

HALAYEN DA YA KAMATA A BARI

Jariri ba a haifarsa da ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori; daga bakin manya yake samunsu. Uwar da ke tauna abinci ta ba ɗanta, ko ta lashi cokali kafin ta sa masa a baki, tana miƙa masa abin da ke bakinta. Don haka uwa mai ruɓaɓɓen haƙori ta nemi magani, domin kanta da domin ɗanta.

Haka kuma akwai al'adar ɗora wa fitar haƙori laifin kowace cuta. Gaskiya ne yaro yakan yi dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma fitar haƙori ba ta kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Yaron da ke gudawa yana bukatar ruwan gishiri da sukari, mai zazzaɓi kuma a kai shi asibiti a gwada jininsa. Jira har haƙori ya fito ya sa an yi asarar yara. Kada kuma a saya wa yaro maganin haƙori barkatai. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin ruwa mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya kashe yara 84 a ƙasar nan kafin hukumar NAFDAC ta gama janye shi daga kasuwa.

Maganin tetracycline shi ma kada a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba sai da izinin likita, gama yana rina haƙora rinin da ba ya fita.

CUTAR ZAIZAYAR BAKI

Mafi munin abin da ƙazantar baki ke buɗe wa ƙofa shi ne cutar da likitoci ke kira noma, watau zaizayar baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi mai zubar jini da warin baki, sa'an nan cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe. In ba magani, kusan tara cikin goma sukan mutu. In kuwa an kai yaro da wuri, magani da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Tun 1999 akwai asibitin yara na musamman a Sakkwato domin wannan cuta, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta.

ABIN DA IYAYE ZA SU YI

1. Uwa ta ba jariri nono zalla har wata 6, ta kuma cika masa allurar rigakafi, har da ta ƙyanda a wata 9.

2. Kafin haƙori ya fito, a riƙa share dasashi da tsumma mai tsabta da ruwa.

3. Daga haƙorin farko a fara gogewa sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci, da ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Ga wanda bai kai shekara 3 ba, kwatankwacin ƙwayar shinkafa ya isa. Daga 3 zuwa 6, kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama. Ya tofar, kada ya haɗiye.

4. Babba ne zai goge wa yaro, ko ya tsaya a kansa, har ya kai shekara 7 ko 8. Kowane yaro da buroshinsa.

5. Aswaki abu ne mai kyau, addini ma ya kwaɗaitar da shi. A tauna bakinsa ya yi laushi, a bi kowane haƙori ciki da waje. Gawayi da toka da yashi kuwa suna kankare ɓawon haƙori.

6. Tsarabar uba daga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ta zama lemo, ayaba, gwanda ko gyaɗa maimakon alewa.

7. Sau ɗaya a wata uwa ta ɗaga leɓen ɗanta a cikin haske ta duba. In ta ga tabo, kogo, jini ko kumburi, a tafi asibitin unguwa. Daga can akan tura mai bukata wurin likitan haƙori, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Kuɗin buroshi da man goge baki na wata guda bai kai na cire haƙori ɗaya ba, balle wahalar yaro da kwanan zaune na uwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tashi yana ganin uwa da uba suna tsabtace baki kafin kwanciya, shi ma haka zai yi, haka kuma zai koya wa 'ya'yansa. Ana roƙon masu unguwanni da limamai da malaman makaranta su karanta wa jama'a wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatu ba.